Makarantar kwana ta sakandare a Arewacin Najeriya

Makarantar kwana ita ce sakandaren da ɗalibai ke zama a cikinta tsawon zangon karatu. A nan suke ci, su yi karatu, su kwana, ba sa komawa gida sai an yi hutu. Kishiyarta ita ce ta jeka-ka-dawo. A Arewacin Najeriya yawancin irin waɗannan makarantu na gwamnatocin jihohi ne, na maza daban, na mata daban, sai kuma kwalejojin gwamnatin tarayya da masu zaman kansu. Abin da ya bambanta su da sauran makarantu shi ne awannin aji kaɗan ne daga cikin yinin ɗalibi. Sauran lokacin yana hannun ƙararrawa da manyan ɗalibai.

Asali

Tushen tsarin yana komawa ga Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 don horar da malamai. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, kuma tun 1971 ake kiranta Kwalejin Barewa. Ahmadu Bello Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun yi karatu a cikinta tun tana Katsina. A larduna kuwa akwai makarantun Midil, irin ta Kano wadda ta zama Kwalejin Rumfa. Kwana a makaranta ya zama dole a wancan zamani, domin makarantun ba su da yawa, yaran kuma daga gundumomi masu nisa ake ɗebo su. Daga makarantun Ingila aka ɗauko tsarin raba ɗalibai gida-gida da naɗa musu shugabanni daga cikinsu, kuma har yau a kansa ake tafiya. A 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda suka yaye ɗimbin likitoci da injiniyoyi.

Da can sakandare shekara 5 ce. Tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a 1982 ya mayar da ita 6: uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. Idan ɗalibi ya shiga aji huɗu sai a ware shi ajin kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci. Shekarar karatu zango uku ce, daga Satumba zuwa Yuli.

Yadda yini ke tafiya

Ƙararrawar farko ta asuba ce. A makarantu da yawa ba wata ƙararrawa ba ce illa tsohon wilin mota da aka rataye a jikin darbejiya, ɗalibi mai kula da lokaci yana dukansa da guntun ƙarfe. Bayan salla kowane ƙaramin ɗalibi ya nufi fegin da aka yanka masa na shara, daga nan sai layin famfo da bokiti. Inda ruwa ke wahala, wannan layi shi ke yanke hukuncin wanda zai yi wanka da wanda zai wanke ƙafa da fuska kawai ya sa yunifom.

A asambuli ake addu'a, a rera taken ƙasa, a duba farce da aski ko kitso, firinsifal ya yi sanarwa, a fito da masu laifi. Darasi ɗaya kimanin minti 40 ne, ana tashi wajen ƙarfe biyu, ranar Juma'a kuwa da wuri. Da Turanci ake koyar da yawancin darussa, amma malami kan koma Hausa idan ya ga an bar shi shi kaɗai yana magana. Da yake littattafai ba sa isar kowa, abin da malam ya rubuta a allo ɗalibi ya kwafa shi ne littafinsa, shi ya sa ɓatan littafin rubutu ana dab da jarrabawa ya fi ɓatan kuɗi ciwo. 'Yan ajin kimiyya suna shiga ɗakin gwaje-gwaje idan akwai kayan aiki. Inda babu, a allo ake zana musu kwalaben, kuma wannan babban rashi ne, domin jarrabawar ƙarshe tana da ɓangaren aiki da hannu. Matasa masu bautar ƙasa sukan cike gurbin malamai, musamman a lissafi da kimiyya.

Bayan azahar da abinci a ɗan kishingiɗa, la'asar ta yi a fita wasanni ko aikin gayya, bayan isha'i kuma a koma aji don karatun dare da ɗalibai ke kira firef. Babu malami a gaba, sai mai rubuta sunayen masu surutu. A nan ne ainihin karatu ke zama: wanda ya gane lissafi ya hau allo ya koya wa sauran, wasu su haɗa kai a kan tambayoyin jarrabawar shekarun baya, wasu su yi ta hadda. Idan an ɗauke wuta a kunna tocila. Wajen ƙarfe goma ake kashe fitila.

Abinci

Da safe kunu ko koko da ƙosai, ko shayi da burodi. Rana da dare kuwa tuwon da ɗalibai suka laƙaba wa suna gabza, da miyar kuka mai ruwa-ruwa, wani lokaci shinkafa da wake. Ba ya ƙosarwa, don haka akwatin kowane ɗalibi yana da garin kwaki, suga, ƙuli-ƙuli da yaji. Ranar ziyarar iyaye, wadda yawanci sau ɗaya ce a wata, ɗan da aka kawo wa tuwon gida ko dambun nama ba ya ci shi kaɗai.

Mulkin ɗalibai

Firifet-firifet ake naɗawa daga aji biyar ko shida: shugaban ɗalibai, na abinci, na tsafta, na aiki, na wasanni, na lafiya, da shugaban kowane gida. Su ke tada mutane, su raba abinci, su yi horo. Tsarin yana koya wa yaro ɗan shekara 17 riƙon jama'a, kuma tsofaffin ɗalibai da yawa a nan suka fara sanin shugabanci. Amma ta nan ne kuma zalunci ke shigowa. Ƙaramin ɗalibi kan yi wa babba wanki da ɗiban ruwa, a ƙwace masa guzuri, a sa shi tsallen kwaɗo ko a zane shi ba da laifin kirki ba. Wasu sukan fake da uban ɗaki ko uwar ɗaki daga manyan aji don samun kariya. Duk makarantar da malaman gidaje ba sa leƙa ɗakunan kwana da dare, abin yakan wuce gona da iri, kuma ba daidai ba ne a kira shi tarbiyya.

Akwai ƙungiyoyin muhawara, kacici-kacici, wasan kwaikwayo da na manoma matasa. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Legas a 1954, ita ke tafiyar da harkar masallaci da karatun Alƙur'ani, ɗalibai Kirista kuma suna da tasu. Gasar wasanni tsakanin gidaje ita ce babban bikin shekara.

Jarrabawa

Makin zango ya haɗa gwaje-gwajen cikin aji da jarrabawar ƙarshe. Amma hankalin kowa yana kan ta aji shida, wadda WAEC, da aka kafa a 1952, da NECO, da aka kafa a 1999, ke shiryawa. Makarantun Larabci suna da hukumar NBAIS, na fasaha kuma NABTEB. Mai neman jami'a sai ya samu kiredit 5, ciki har da Turanci, sannan ya ci jarrabawar shiga jami'a ta JAMB. A Kano akwai jarrabawar tantancewa a aji biyar, wadda da ita gwamnati ke zaɓen waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Satar amsa tsohuwar cuta ce a nan, kuma ta fi muni idan manya suka sa hannu.

Tsaro

Hare-hare sun girgiza makarantun kwana, musamman daga 2014, lokacin da aka kashe ɗalibai a Buni Yadi, aka kuma sace 'yan mata 276 a Chibok. An sake yi a Dapchi a 2018, Ƙanƙara a Disamba 2020, Kagara da Jangebe a Fabrairu 2021. Jihohi da dama sun rufe makarantun da ke bakin daji na wani lokaci, sun kwashe ɗalibai zuwa cikin gari, wasu makarantun kuma aka mayar da su jeka-ka-dawo. Waɗanda abin ya fi shafa su ne yaran ƙauyukan da babu babbar sakandare kusa da su, musamman 'yan mata, waɗanda iyayensu da yawa sai a makarantar kwana suke yarda su bar su su yi karatu nesa da gida.