Me ake nufi da kwararowar hamada?

Duk wanda ya ji wannan kalma a rediyo, abin da ke faɗo masa a rai shi ne tulin rairayin Sahara yana tahowa kudu yana binne gonaki. Akwai wuraren da hakan ke faruwa, kamar yankin Yusufari a jihar Yobe. Amma a mafi yawan wurare hamadar ba daga nesa take zuwa ba. A cikin gonar take tsirowa.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1994 kan yaƙi da kwararowar hamada ta bayyana ta da cewa lalacewar ƙasa ce a yankuna masu ƙarancin ruwan sama, sakamakon sauyin yanayi da ayyukan ɗan Adam. Damina ta makara, ko ta ɗauke gero na tsakiyar fidda kai. Zafi ya ƙaru, ƙasa ta bushe da wuri. Ga sare itatuwa, ga noma shekara da shekaru babu hutu. Iska ta kwashe ƙasar sama, sai a wayi gari gona ta zama faƙo, ruwan sama ya sauka ya wuce bai shiga ba.

A rumbu ake fara ganin asarar. A Nijar, inda kusan kashi 80 cikin 100 na jama'a ke dogaro da noma da kiwo, dami ya ragu na nufin hatsin gida zai ƙare tun kafin bazara. Daga nan magidanci ya koma mai saye, a daidai lokacin da tiya ta fi tsada. Sai ya kai akuya kasuwa, ya tarar kowa ma akuyar ya kawo, ga su a rame, farashi ya faɗi warwas. Wannan cin biyun shi ne ya durƙusar da mutanen Maraɗi da Damagaram a 2005, bayan fari da farin ɗango na daminar 2004. Hatsi na nan a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu. Abin da ke biyo baya sananne ne: bashi, jinginar da gona, samari su tafi ci-rani.

A ganina, illar kalmar ita ce tana sa mutum ya ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, alhali manoman Maraɗi sun nuna akasin haka. Tun cikin shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture lokacin sharar gona, suna barin tohon yana girma suna yi masa aski. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta haka a faɗin Nijar sun kai hekta miliyan 5. Gawo ya fi kowace bishiya amfani a nan, don da damina yake kakkaɓe ganyensa, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi da rani.