Idan rikicin kasafin kuɗi ya rufe ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka, me ke biyo baya?

Duk lokacin da labari ya fito cewa taƙaddamar kasafin kuɗi za ta rufe ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka, sai zancen ya shigo majalisun Hausawan Jidda da na unguwar Shari'a Mansur a Makka. Wani ɗansa na karatu a can, wani ya riga ya yanki tikiti, wani kuwa mamaki kawai yake yi: ƙasa mai wannan arziki ta kasa biyan masu gadinta? Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi.

Wace ma'aikata ce wannan?

An ƙirƙire ta ne bayan harin 11 ga Satumba 2001. Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokarta a Nuwamban 2002, ta fara aiki ranar 1 ga Maris 2003, aka tattara hukumomi 22 a ƙarƙashinta. A cikinta akwai TSA masu binciken fasinja a filin jirgi, da jami'an kwastan da na kan iyaka, da hukumar shige da fice, da dogarawan gaɓar teku, da masu tsaron lafiyar shugaban ƙasa, da hukumar agajin gaggawa ta FEMA, da masu kare na'urorin gwamnati daga 'yan kutse. Ma'aikatanta sun haura dubu 200.

Malam, ta yaya gwamnatin Amurka za ta rasa kuɗin albashi?

Kuɗin suna nan a baitulmali, izinin taɓa su ne ke ƙarewa. A tsarin mulkinsu majalisa ce ke riƙe da lalita. Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Oktoba, kuma kafin ranar sai an zartar da dokokin kashe kuɗi guda 12, ko a yi dokar wucin gadi ta 'yan makonni. Akwai wata tsohuwar doka tun ƙarni na 19 da ta hana kowace ma'aikata kashe abin da majalisa ba ta ware ba. A da ana kawar da kai a ci gaba da aiki, har sai da babban lauyan gwamnati Benjamin Civiletti ya ba da fatawar doka a 1980 da 1981 cewa in babu izini dole aiki ya tsaya, ban da wanda ya shafi kare rai da dukiya. Sannan a majalisar dattawa mai kujeru 100, yawanci sai an sami ƙuri'u 60 kafin irin wannan doka ta wuce, don haka marasa rinjaye ma suna iya cijewa.

Abin da ya sa wannan ma'aikata ta fi shan wuya shi ne, ita ke riƙe da batun baƙin haure, wanda manyan jam'iyyun ƙasar biyu, Republican da Democrat, ba sa ga maciji a kansa. A Fabrairun 2015 saura sa'o'i kuɗinta su yanke saboda matakan Obama na sassauta wa baƙi, aka yi mata dokar mako guda, sannan aka daidaita a farkon Maris. A Disamban 2018 kuwa Trump ya nemi dala biliyan 5.7 don gina katanga a iyakar Meziko, majalisa ta ƙi, wani ɓangare na gwamnati ya tsaya kwana 35.

To sai a kulle iyakoki da filayen jirgi ke nan?

A'a. Mafi yawan ma'aikatan ana lissafa su cikin waɗanda aikinsu ya zama dole, don haka za su fito aiki kamar kullum, sai dai babu albashi har a sasanta. A rikicin 2015 an ƙiyasta cewa wajen dubu 30 ne za a tura gida, sauran kusan dubu 200 su yi aiki bashi.

In dai ana aiki, ina ɓarnar take?

Makon farko ba a ganin komai, shi ya sa 'yan siyasa ke samun ƙarfin halin ja. Ɓarnar tana farawa ne ranar da albashi ya kamata ya shigo bai shigo ba. Jami'in TSA ƙaramin ma'aikaci ne, akwai kuɗin haya a kansa, da man mota, da kuɗin rainon yara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Janairun 2019 jami'an TSA da ba su zo aiki ba sun kai kashi 10 cikin 100 a wata rana, wasu sun ce ba su da lafiya, wasu sun faɗi gaskiya cewa ba su da kuɗin zuwa. Filin jirgin Miami ya riƙa rufe wani sashe da wuri, na Houston ya rufe wurin bincike guda. Dogarawan gaɓar teku kimanin dubu 42, waɗanda sojoji ne a doka, ba su ga albashin 15 ga Janairu ba, iyalansu suka koma layin karɓar abincin sadaka, har kwamandansu Karl Schultz ya fito fili ya ce wannan abu ba mai karɓuwa ba ne.

Ranar 25 ga Janairu aka sami ƙarancin masu ba jirage hanya a sama (su ma'aikatar sufuri ce ke da su, amma yunwar ɗaya ce), aka dakatar da jiragen da za su sauka filin jirgin LaGuardia a New York. A ranar aka buɗe gwamnati. An sake ganin haka a 2025, inda rufewar ta kai kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, har aka ba da umarnin rage tashin jirage a filaye 40.

A ganina wannan ma ita ce ƙaramar ɓarna, tunda kowa na ganinta kuma tana warkewa. Babbar tana ofisoshin da aka ce aikinsu ba dole ba ne: masu ɗaukar sababbin jami'ai, masu shirya horo, masu sayo kayan aiki da gyara su, masu biyan tallafin tsaro ga jihohi, da kaso mai yawa na masu kula da kutsen intanet. Ɗan kutse ba ya jiran majalisa ta shirya. Ƙwararren da kamfanoni ke zawarcinsa da ninkin albashi kuwa, in aka yi masa haka sau biyu, ya tafi ke nan, kuma kafin a tantance wani a horar da shi sai an ɗauki watanni. Ga kuma abin da ba a son faɗi: mutumin da ke duba jakunkuna ko takardun shiga ƙasa, bashi ya yi masa katutu, shi mai ba da cin hanci ke nema.

Ni a Jidda nake, ina da ranar ganawa don biza. Abin zai shafe ni?

Da wuya. Biza aikin ma'aikatar harkokin waje ne, kuma kuɗin da masu nema ke biya ne ke tafiyar da sashen, don haka ofishin jakadanci na Riyad da ƙananan ofisoshin Jidda da Dahran sukan ci gaba da ganawa. Sai dai Saudiyya tana da wani matsayi na daban: saboda 15 daga cikin mahara 19 na 2001 'yan ƙasar ne, dokar 2002 da ta kafa ma'aikatar tsaron cikin gida ta tanadi jami'anta su zauna a nan suna duba takardun neman biza. To hannunta na cikin takardarka tun kafin ka tashi. Wanda zai bi jirgin Saudia zuwa New York ko Washington zai tarar da jami'an shige da fice a kujerunsu, haka wanda ya bi ta Abu Dabi inda ake gama binciken shiga Amurka tun kafin a hau jirgi. Inda za ka ji a jikinka shi ne jirgin cikin gida a Amurka da kuma ranar dawowa, sai ka bar tazara mai kyau tsakanin jirgi da jirgi.

Hakan zai iya faruwa a Saudiyya ko Najeriya?

Da wannan siga, a'a. A Saudiyya majalisar ministoci ke amincewa da kasafi, ya fito da umarnin sarki, kuma 'yan majalisar Shura 150 naɗa su ake yi, ba su da ikon riƙe kuɗi. A Najeriya sashe na 82 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi har wata shida in kasafi ya makara. Jinkirin albashi dai an san shi a gida, amma dalilansa daban ne.

An taɓa ganin inda rikicin kuɗi da jami'an tsaro ya kai ga harbi?

Nan tsallaken Bahar Maliya ma. Bayan faɗuwar al-Bashir a 2019 an rushe sashen mayaƙa na hukumar leƙen asirin Sudan. Ranar 14 ga Janairu 2020 jami'ansa suka ce kuɗin sallamar da aka ba su ya yi kaɗan, suka buɗe wuta a Khartoum, aka rufe filin jirgi na sa'o'i, sai da soja suka shigo da manyan makamai, aka rasa sojoji biyu, shugaban hukumar ya ajiye aiki. Lamarin ya sha bamban da na Amurka, domin can rushewa ce ta dindindin, su kuma ma'aikatan Amurka sun san kuɗinsu zai zo. Tun 2019 doka ta tabbatar musu da biyan duk abin da suka biyo. 'Yan kwangila irin su masu shara da masu gadin gine-gine ne ba ta rufa wa asiri ba.

Waɗanda suka ja rigimar sukan sami abin da suke so?

Ba kasafai ba. A 2013 'yan Republican sun tsayar da gwamnati kwana 16 don karya dokar inshorar lafiya ta Obama, dokar tana nan har yau. A 2015 sun zartar da kuɗin ma'aikatar ba tare da sharaɗin da suka gindaya na soke matakan Obama kan baƙi ba. Trump ya nemi biliyan 5.7, a Fabrairun 2019 aka ba shi biliyan 1.375, sai ya ayyana dokar ta-ɓaci don ya ciro sauran daga asusun soja. Ofishin kasafi na majalisa ya lissafa cewa kwana 35 ɗin sun ci wa tattalin arziki dala biliyan 11, kuma biliyan 3 daga ciki ba za su dawo ba.