Kare a gidan abinci: abin da doka ta ce, da wanda ke da ikon hanawa

Yanzu ba abin mamaki ba ne a ga saurayi a Samaru ko GRA a Zariya yana jan karen Turawa da sarƙa, ya ratse wurin mai tsire ko ya leƙa gidan abinci. Nan take gardama ke tashi: wani ya ce doka ta hana, mai karen ya ce a nuna masa dokar. Kowannensu ya kama wani ɓangare na gaskiya.

Maganar ba a Abuja take ba, a sakatariyar ƙaramar hukuma take. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, a cikinsu akwai tsara yadda ake ajiye dabbobin gida da yawo da su, akwai kuma kula da gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abin ci. Wato kare da gidan abincin duka a hannu ɗaya suke. Abin lura ga mutanen Zariya shi ne garin ya rabu biyu. Birni da Tudun Wada suna ƙaramar hukumar Zariya, Samaru kuwa tana Sabon Gari. Ƙa'idar wannan ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba, don haka mai gidan abinci ya tambayi sashen lafiya na inda ya yi rajista, kada ya dogara da abin da ya ji a majalisar hira.

Masu aiwatarwa su ne duba-gari. Su ba ruwansu da kyan kare ko tsadarsa. Abin da suke dubawa shi ne ko dabba na kaiwa inda ake dafawa, ko ake wanke kwanuka, ko ake ajiye ɗanyen nama. Gashi na tashi ya faɗa miya, yawu na taɓa kwano, kashin kare kuma na ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ke kama mutum, musamman yaro mai rarrafe. Idan suka tarar da haka, a kan mai wurin takardar gargaɗi za ta sauka, mai karen ya riga ya yi gaba abinsa. Wannan ne ya sa mai wuri ke da cikakken ikon cewa "ba a shigo da kare". Wurinsa ne, shi ke gindaya sharaɗin shiga. Wanda aka ce ya fita ya ƙi, ya tsaya yana neman fitina, ya fara kusantar laifin kutse. Ya fi sauƙi a rubuta sanarwa a bakin ƙofa da Hausa da Turanci, a huta da cacar baki.

A titi, kasuwa ko tasha lissafin ya ɗan sauya, domin ba mallakin mutum ɗaya ba ne. Tun 1943 akwai dokar karnuka da ta zo da lasisi da matakan daƙile ciwon haukan kare. Dokar hukunta laifuka ta Arewa, wadda Jihar Kaduna ta sabunta tata a 2017, ta ɗauki sakaci da dabba mai iya jikkata mutum a matsayin laifi. Ba sai ya yi cizo ba; sakinsa a cikin jama'a alhali an san halinsa ya isa a tuhumi mai shi.

Idan ya yi cizon, akwai kuma ƙarar neman diyya. A nan kotu kan tambayi abu guda: shin mai karen ya san yana da cizo? Idan ya taɓa kai wa wani hari aka kuma sanar da gidan, "ai ba ya cizo" ba za ta cece shi ba. Kuɗin asibiti da na allura duk za su hau kansa.

Wanda ya zama dole ya fita da kare, ya tanadi abu uku. Sarƙa gajera wadda babba ne ke riƙe da ita, ba yaron gida ba. Takunkumi idan karen mai zafi ne. Sai katin allurar haukan kare: ta farko yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru na yin ta. Katin nan shi ne farkon abin da za a nema ranar da tsautsayi ya faɗa.

Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka ko gashin karen. Kuskuren da aka fi yi a unguwanni shi ne a taru a kashe karen a jefar. A ɗaure shi a sa masa ido kwana 10. Abin da ya faru da shi a kwanakin nan yana taimaka wa likita yanke shawara. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira.

Masu kafa hujja da ƙasashen waje sukan haɗa abu biyu. A Amurka dokar naƙasassu ta 1990 ta wajabta wa gidan abinci ya bar karen da aka horar don ja-gorar makaho ya shiga, haka Ingila a dokarta ta 2010. Wannan kariya ta karen aiki ce, ba ta karen gayu ba. Mu ma muna da dokar hana wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019, saboda haka idan makaho ya zo da irin wannan karen, abin da ya dace shi ne a ba shi teburi nesa da madafa, a kai masa abincinsa can.