Ma'anar "Waƙoƙin Metafizika": Inda Son Mutum da Son Ubangiji Suka Ari Bakin Juna

Ɗalibin adabin Turanci yakan ci karo da kalmar "metafizika" a jikin sunan wasu mawaƙan Ingila na ƙarni na 17, irin su John Donne da George Herbert da Andrew Marvell. A falsafa, kalmar tana nufin binciken abin da ya shige wa ido, kamar ruhi da asalin samuwa, amma mawaƙan ba su taɓa kiran kansu da wannan suna ba, hasali ma masu sukarsu ne suka laƙaba musu shi. A 1693 mawaƙi John Dryden ya koka cewa Donne yana wahalar da ƙwaƙwalwar mata da zurfafan batutuwan falsafa a wurin da ya kamata ya tausasa zukatansu, sannan a 1779 mai sharhin adabi Samuel Johnson ya kafa sunan, yana zarginsu da ɗaure ra'ayoyin da ba su da dangantaka da ƙarfin tsiya.

Abin da Johnson ya ɗauka aibi shi ne alamar da ake gane su da ita: kamance mai ba da mamaki, wanda mawaƙin zai riƙe ya yi ta kafa hujja da shi kamar mai shari'a. A wata waƙar bankwana, Donne ya kwatanta kansa da masoyiyarsa da ƙafafu biyu na kamfas ɗin zana da'ira, wanda kowane ɗalibi ya sani a akwatin kayan lissafi. Ƙafa ɗaya tana kafe a tsakiya, ɗayar tana yawo. Idan mai yawon ta yi nisa sai ta tsakiyar ta karkata wajenta, kuma tsayuwar ta tsakiyar ce ke sa da'irar ta rufe a inda ta faro. A wata kuma ƙuma ce hujjarsa: tunda ta ciji su biyun, jininsu ya riga ya gauraya a cikinta, to me ya rage na jan aji?

Rayuwar Donne, wanda aka haifa a 1572 ya rasu a 1631, ta taɓa ɓangarorin biyu, wato son mutum da son Ubangiji. A 1601 ya auri Anne More a ɓoye, auren da ya jawo masa rasa aiki da ɗan zama a kurkuku, sannan a 1615 ya zama limamin cocin Angilikan, a 1621 kuma shugaban majami'ar St Paul's ta Landan. Kuskure ne a raba shi gida biyu, a ce da ƙuruciya mawaƙin mata ne, da ya manyanta ya koma na Allah, domin harshen ya riƙa ƙetarawa ta kowane gefe. Yana da waƙar da ya mai da masoya biyu waliyyai waɗanda na baya za su riƙa kamun ƙafa da su, yana kuma da ta addini wadda a cikinta ya roƙi Ubangiji ya farfasa zuciyarsa, yana cewa an yi masa baiko da maƙiyin Allah, a raba wannan aure, kuma ba zai sami 'yanci ba sai an kama shi an tsare. Herbert ya fi shi sanyin murya. A ɗaya daga cikin waƙoƙinsa da suka fi shahara, Soyayya ce mai masauki, baƙon yana ja da baya saboda nauyin zunubinsa, ana ta lallashinsa har ya zauna ya ci abinci. Wanda ya saba da waƙoƙin bege da kalmomin shauƙi na Sufaye ba zai ɗauki wannan salo baƙon abu ba, ko da yake aƙidar da ke ƙarƙashi daban ce.

Bayan dogon lokaci ana yi musu kallon masu wasa da hankali, masanin adabi Herbert Grierson ya fitar da tarin waƙoƙinsu a 1921, mawaƙi T. S. Eliot kuma ya yi sharhinsa a shekarar. Eliot ya ce a wurin Donne tunani abu ne da ake ji a jika kamar ƙamshin fure, kuma bayan zamaninsa tunani da shauƙi suka raba gari a waƙar Ingilishi, laifin da ya ɗora wa tasirin mawaƙi John Milton da Dryden. A ganina ya zuzuta zancen, kuma gaskiya hanya yake share wa irin waƙarsa, wadda tun 1915 ta kwatanta maraice da majinyacin da aka gusar wa hankali a kan teburin tiyata. Mawaƙan zamananci irin su Eliot sun ɗauki kamancen da ke girgiza mai karatu da muryar magana ta yau da kullum, sai dai soyayyar da ke cikin waƙoƙin Eliot na farko ta masu shakka ce da gajiya, a Turai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗaiɗaita. Ɓangaren addinin ya biyo baya: Eliot ya shiga cocin Angilikan a 1927, kuma a 1962 ya rubuta ɗan littafi sukutum a kan George Herbert.