Waiwaye: Cibiyar Jos, taurarin Najeriya da rabon Kaduna a cikinsu

Tun kafin Najeriya ta mallaki tauraron ɗan Adam nata na kanta, jihar Kaduna tana da alaƙa da sararin samaniya, domin a Kujama ne tsohon kamfanin sadarwa na NITEL yake da tashar da ke haɗa kiran wayar ƙasashen waje ta tauraro, bayan wadda aka fara ginawa a Lanlate ta jihar Oyo. Aikin waɗannan tashoshi bai wuce sadarwa ba. Tunanin amfani da tauraro wajen duba gona da daji da ruwa ya samu mazauni ne a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da aka kafa Cibiyar Nazarin Hotunan Tauraro ta Ƙasa a Jos, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya, wato NASRDA, da aka kafa a 1999.

A watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1, tauraron Najeriya na farko, daga Plesetsk ta ƙasar Rasha, bayan kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera shi. Kowane ɗigo a hotonsa yana ɗauke da fili mai faɗin mita 32, don haka ba ya nuna gida ɗaya, amma yana nuna iyakar daji da faɗin ambaliya, har ma ya ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. Tauraron sadarwa na farko, NigComSat-1, wanda Sin ta ƙera aka harba a 2007, ya daina aiki a watan Nuwamba na 2008 saboda matsalar faifan da ke tara masa hasken rana, aka maye gurbinsa a ƙarshen 2011. A watan Agusta na wannan shekarar kuma aka harba NigeriaSat-2, mai iya bambance abin da ya kai mita biyu da rabi, tare da NigeriaSat-X wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu a Surrey. Wannan abin alfahari ne na gaske, kuma bai kamata a raina shi ba.

Sai dai hoto ba ya amfanar kowa sai an karanta shi, kuma a nan ne aikin cibiyar Jos yake. Ganyen masara mai lafiya yana mayar da wani nau'in haske da idon mutum ba ya gani, amma na'urar tauraro tana auna shi. Idan fari ko tsutsa suka fara taɓa gonakin Saminaka ko Giwa, wannan haske yana raguwa, sai mai nazari ya ga alamar a kwamfutarsa, ya san yankin da ya kamata malamin gona ya fara zuwa. Haka nan idan aka jera hotunan gaɓar kogin Kaduna na shekaru daban-daban, za a ga yadda gine-gine suka yi ta cinye fadama a wajen Unguwar Rimi da Nasarawa da layin Kigo, inda ruwa ke shiga gidaje a damina mai ƙarfi. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ya san cewa taswirar da ke nuna inda ruwa zai bi tana iya ceton rai da dukiya, muddin ta isa hannun hukuma da mai unguwa kafin watan Agusta.

Akwai inda aka ga amfanin irin wannan aiki ƙarara a Arewa. A yaƙi da cutar shan inna, an yi amfani da hotunan tauraro wajen zana taswirar ƙauyuka da rugage, aka gano matsugunan da ba sa cikin tsofaffin taswirorin masu rigakafi, kuma a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. A Kaduna ma, hukumar KADGIS da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta kafa ta mayar da rajistar filaye kan taswirar kwamfuta. Abin lura shi ne mafi yawan waɗannan nasarori sun zo ne inda wata hukuma take da takamaimiyar buƙata, ta kuma ware kuɗin biyan ta.

A ganina, kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne fifita ranar harba tauraro a kan shekarun aikin da ke biyo bayanta. An tsara wa NigeriaSat-2 rayuwar shekara bakwai ne kacal, wa'adin da ya cika tun 2018. Duk da haka rashin sabon tauraro ba hujjar zama ba ce, domin tun 2008 Amurka ta buɗe hotunan taurarinta na Landsat kyauta, taurarin Sentinel-2 na Turai kuma suna ɗaukar hoton kowane yanki duk bayan kwana biyar, su ma ba a biyan ko kwabo. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙwararrun da za su fassara hotunan, da wutar lantarki da intanet mai ɗorewa, da hanyar isar da sakamakon ga manomi cikin harshen da yake ji.

Jihar Kaduna tana da cibiyoyin da za su iya ɗaukar wannan nauyi. Cibiyar Binciken Aikin Gona tana Samaru, NAERLS mai kula da wayar da kan manoma tana Jami'ar Ahmadu Bello, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa kuma tana Mando. Da a ce akwai tsayayyen tsari da zai sa bayanan Jos su riƙa isa waɗannan wurare kowane mako a lokacin damina, daga nan a karanta su da Hausa a Rediyon Najeriya na Kaduna, da manomin Lere da mazaunin bakin kogi sun fara cin moriyar kuɗin da aka kashe tun 2003.