Waiwaye: Yadda aka ceto tsofaffin benayen Over-the-Rhine

A birnin Sinsinati na jihar Ohayo a Amurka akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira Over-the-Rhine, wato tsallaken kogin Rhine. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa can a ƙarni na 19 ne suka sa aka san ta da wannan suna, saboda magudanar ruwan da ke tsakaninsu da tsakiyar gari tana tuna musu da kogin ƙasarsu. Benaye suka gina na jan bulo, hawa uku ko huɗu, shago a ƙasa, iyalai a sama. Wajen 1900 mazaunanta sun haura 40,000.

Daga baya masu hali suka koma bayan gari. Zuwa 2000 mutanen da suka rage ba su kai 8,000 ba, akasarinsu baƙar fata ne masu ƙaramin ƙarfi, kuma ɗaruruwan gidaje sun zama kango. Tun 1983 unguwar ke cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa, amma rajista ba ta hana rufi yoyo.

A watan Afrilun 2001 wani ɗan sanda ya harbe Timothy Thomas, matashi baƙar fata ɗan shekara 19 da ba ya ɗauke da makami, unguwar ta yi kwanaki cikin tarzoma. A 2003 aka kafa 3CDC, ƙungiyar raya gari da manyan kamfanonin birnin irin su Procter & Gamble da Kroger suka mara wa baya. Ba rusau ta sa a gaba ba. Sai ta riƙa sayen kangaye, ta fara da toshe rufi da tokare bango don kada su zube, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana gyarawa, musamman a titin Vine.

Da yawa an mayar da su kwandominiyam. Tsarin shi ne a raba bene gida-gida, kowa ya sayi sashensa da takardarsa, rufi da matakala da tsakar gida kuwa na kowa ne, ana karo-karo don kula da su. A ƙaramin bene mai sassa shida ko takwas, maƙwabta sun san juna, kuɗin gyara kuma ba ya fin ƙarfinsu. Ta fuskar muhalli ma akwai riba ta gaske: bulon da aka gasa fiye da shekara ɗari da suka wuce yana nan yana aiki, ba a kwashe shi zuwa juji an sake ƙona makamashi wajen yin sabo ba. Mazauna kuma da ƙafa suke zuwa kasuwar Findlay.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne makomar waɗanda suka riƙe unguwar lokacin da kowa ya guje ta. Buddy Gray, wanda ya shafe shekaru yana fafutukar kare marasa matsuguni har aka kashe shi a 1996, ya sha gargaɗin cewa gyara zai iya zama kora. An sake buɗe dandalin shaƙatawa na Washington da ke cikin unguwar a 2012 cikin sabuwar kwalliya, a 2015 kuma aka ɗauke masaukin marasa galihu na Drop Inn daga gefensa zuwa wata unguwa. Gidajen haya masu rahusa sun ragu matuƙa. Ƙungiyar Over-the-Rhine Community Housing tana nan tana riƙe da wasu benaye domin masu ƙaramin ƙarfi, tana gogayya da masu sayen da aljihunsu ya fi nata nauyi.