Jaz Manush: Kiɗan Suwin na Al'ummar Romani

Jaz manush salo ne na kiɗan jaz da ya tsiro a birnin Paris cikin shekarun 1930, inda kiɗan suwin na baƙaƙen Amurka ya haɗu da kiɗan gargajiyar Manush, wato reshen al'ummar Romani da ke zaune a Faransa. Kakannin Romani sun fito daga arewacin Indiya wajen shekara dubu da suka wuce, suka watsu a Turai, da yawansu suna yawo a kekunan doki da suke kwana a ciki. Abin da ya bambanta salon shi ne, a asalinsa ba a sa ganga. Jita ce ke riƙe da amon gaba ɗaya.

Kusan duk tarihinsa yana komawa ga Django Reinhardt, wanda aka haifa a Liberchies ta ƙasar Beljiyam a 1910, ya tashi a sansanonin Manush da ke bayan garin Paris. Tun yana yaro yake kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya kamar jita, a gidajen rawa. A 1928 gobara ta tashi a keken da yake kwana, ta ƙona masa hannun hagu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka shanye. Ga makaɗin jita, hannun hagu shi ke danne tsirkiya, don haka aka ɗauka sana'arsa ta ƙare. Sai ya sake koyon kiɗan da yatsu biyu, yana gudu da su sama da ƙasa a wuyan jitar, shanyayyun biyun kuma yana ɗora su idan zai haɗa sautuka. Dabarun da larura ta sa ya ƙirƙiro, yau masu yatsu lafiyayyu ne ke shan wahalar kwaikwayonsu.

Bayan ya saurari fayafayan Louis Armstrong, shahararren makaɗin jaz na Amurka, jaz ya shiga ransa. A 1934 shi da Stéphane Grappelli, makaɗin goge irin na Turawa, suka kafa ƙungiyar Quintette du Hot Club de France: jita uku, goge ɗaya, da babban goge mai kauri da Louis Vola ke kaɗawa. Ɗaya daga cikin masu jitar ƙanen Django ne, Joseph.

Sabon mai sauraro ya fara da kasa kunne ga jitocin baya, ba ga mai gaba ba. Suna yin wani bugu da Faransawa ke kira "la pompe": bugu huɗu a kowane zagaye, na biyu da na huɗu gajeru ne masu kaifi, ana danne tsirkiyar nan take don kada sautin ya ja. Idan kunne ya kama wannan, sai ka ji yadda mai jita ko mai goge ke yawo a kansa yana ƙirƙirar waƙa nan take. Jitar ma ta daban ce. Kamfanin Selmer ya fara ƙera ta a 1932 bisa zanen Mario Maccaferri, kuma sautinta busasshe ne mai ƙarfi, wanda ke ratsa hayaniyar ɗakin rawa ba tare da lasifika ba. Cikin kiɗe-kiɗen Django, "Minor Swing" na 1937 shi ne mafi sauƙin shiga, "Nuages" na 1940 kuma ya nuna ɓangaren salon mai sanyi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya riski ƙungiyar a Ingila a 1939. Grappelli ya zauna a can, Django ya koma Paris, ya maye gurbin goge da kilarinet, wani abin busa, na Hubert Rostaing. Ya ci gaba da kiɗa a ƙarƙashin mamayar 'yan Nazi, a daidai lokacin da suke kashe dubun dubatar Romani a sansanoni. A 1946 ya zagaya Amurka tare da babban makaɗin jaz Duke Ellington, ya rasu a 1953 yana da shekara 43.

Salon ya ci gaba a cikin iyalan Manush da 'yan'uwansu Romani na Sinti, inda yaro ke koya da kunne daga uba ko kawu, sau da yawa ba tare da karanta rubutun kiɗa ba. Daga irin waɗannan gidaje aka sami Biréli Lagrène da Tchavolo Schmitt a Faransa, da Stochelo Rosenberg a Holan. Bikin tunawa da Django da aka daɗe ana yi a Samois-sur-Seine, garin da ya yi kwanakinsa na ƙarshe, yanzu ana yin sa a Fontainebleau.